Mako Shida Ina Gadin Bakin Baba

Ni 'yar gwanjo ce a kasuwar Hedzranawoe, shekara goma sha tara ina kwance dila. Kafin in karɓi riga sai na juya ta ciki waje, na duba hammata, na sunsuna wuya, na ɗaga ta ga rana. Mutumin da ya cika yi mini murmushi, kayansa nake fara zargi. Wannan halin ne ya ciyar da ni da 'ya'yana, kuma shi na kwasa na shiga da shi ɗakin jinyar mahaifina. Ina wannan rubutu ne saboda masu jinyar mai ciwon zuciya a gida, musamman irina masu ganin sun fi kowa ido.

Sunana Hajara, a Zongo Hajo ake ce mini. Baba dillalin shanu ne tun yana saurayi, duk kara, kasuwar shanu, an san muryarsa. Bayan rasuwar Innarmu na tattara yarana na dawo gidansa, don mijina ya riga ta rasuwa. Ƙanena Sani ɗan canji ne a Kodjoviakope, bakin iyakar Gana, yana zaune da matarsa a unguwar Bè-Kpota. Matar 'yar ƙabilar Mina ce, sunanta Afi. Ta musulunta tun kafin aurensu aka sa mata A'isha, amma ni ban taɓa kiranta da shi ba. Ban ƙi ta ba, Allah ya sani. Sai dai ban taɓa cin miyarta ba tare da na tona ta da cokali na ga abin da ke ƙasa ba.

Ranar wata Talata bayan azahar Baba ya dawo daga kara yana ta gumi, riga ta manne masa a baya. Ya ce ji yake kamar sa ya durƙusa masa a ƙirji. Na ce mu je asibiti, ya ce kumburin ciki ne, a jiƙa masa kanwa. Muka zauna muna jiran gyatsa har la'asar. Waɗannan awoyin har yau suna ci mini rai, don daga baya an gaya mana da mun zo da wuri da ɓarnar ba ta kai haka ba.

A babban asibiti kuwa mun ga ta kanmu. Tsoho yana riƙe da ƙirji a kan benci, ana ce mini in je in yanki kati. Na yanko, aka miƙo mini ordonans, wato takardar sayen magani, na tsallaka titi zuwa farmasi, na dawo, aka ce saura allura, na sake tsallakawa. Sau uku! Wani ma'aikaci ma ya ce in daina ɗaga murya, nan ba kasuwa ba ce. Na ce masa a kasuwa ai mun fi ku saurin sallamar mutane. Duk da haka ba zan yi butulci ba. Allah ya haɗa mu da wata likita ƙaramar mace mai tabarau, wadda tana ɗora abin saurarenta a ƙirjin Baba ta sa aka gudu da shi ciki. Allah ya saka mata da alheri, ya raya mata zuri'a.

Faransancina na ciniki ne, ya tsaya a farashi da zagi. Don haka Afi, da ta iso a kan zemijan, babur ɗin haya, ko mayafi ba ta gyara ba, ita ta zama tafintarmu. A nan zargina ya fara. Likita ta yi magana mai tsawo, tana nuna takarda, tana girgiza kai. Afi ta juyo ta ce, "Yaya, ta ce jijiya ce ta toshe a zuciyarsa, za su yi iyakar ƙoƙarinsu."

Na ce, "Duk wannan surutun shi ke nan abin da ta faɗa?"

Ta ce, "Shi ne muhimmin."

Na ajiye abin a raina.

Kwana uku bayan haka, da Baba ya fara zama, likitar ta juya bayan wata ordonans ta yi mana zane. Wannan bayanin ya zauna mini, don na sa Afi ta maimaita har sau biyu. Ta ce naman zuciya 'yan ɗakuna ne ƙanana ƙanana, ido ba ya ganinsu, kowane da ƙofofinsa. Duk bugun zuciya ɗaya, ƙofa za ta buɗe, wani abu da ake kira kalsiyum ya shiga, naman ya damƙe. Sai a share kalsiyum ɗin, naman ya saki. Haka yake yi tun kana ciki har ranar da za ka koma. In jini ya yanke wa wani sashe, masu sharar sai su gaza, kalsiyum ya taru a ciki, naman ya damƙe ya kasa saki har ya mutu. Ta ɗora biro a gefen zanen ta ce nan wurin na Baba ya mutu, kuma ba ya dawowa. Abin da ya rage shi za mu yi gadi.

Na ce, "To ba kalsiyum ne na ƙashi ba, wanda ke cikin nono? Sai mu hana shi fura."

Ta yi dariya ta ce in ƙyale nono, matsalar ba a kwano take ba, a ƙofofin take.

Kwana tara muka yi. Aka sallame mu da zuciya mai rauni, bugunta ma ba a jere ba. Aka ba mu ƙwayar fitsari, da ta tsinka jini, da wata ƙarama fara da za a riƙa raba ta biyu. Ita wannan likitar ta ɗaga ta sama ta ce sunanta digoksin, kuma daga ganyen wani tsiro aka ciro ta. Aikinta ta sa kalsiyum kaɗan ya ƙara zama a ɗakunan nan, don zuciyar da ta gaji ta samu ƙarfin damƙa. Amma tsakanin abin da ke taimako da abin da ke kisa tazarar kaɗan ce. Rabi, sau ɗaya a rana, kada a ƙara, kada a haɗa da wani magani sai an tambaye ta. Ta tambaya ko yana shan wani magani a gida, na ce a'a. A ranar gaskiya na faɗa.

Mako na uku gida ya cika da 'yan dubiya, kowa da ƙunshinsa. Wannan tafarnuwa da zuma, wancan garin zogale, wani man habbatus sauda, wani abokin Baba na kara har da wasu ƙwayoyi kore daga Gana da ya rantse sun tayar da surukinsa. Ina karɓa ina godiya, suna fita ina jefawa a kwali ƙarƙashin gadona. Na rufe shagona na bar wa maƙwabciya, na ɗora kujera a ƙofar ɗakin Baba. Na yi wa kaina alkawari babu abin da zai shiga bakinsa sai ta hannuna.

Afi ce kawai ta gagare ni. Kullum da rana tsaka sai ga ta, ta keto gari tun daga Bè-Kpota da kula a cinya. Miyar ganyen gboma da kifi, ba gishiri ba magi, da zoɓo ba sukari a gora. Ta ce ta tambayi likita an yarda. Baba kuma yana ci har da suɗe hannu, abincina kuwa sai ya ɗan taɓa ya ture. Wata rana ta nuna mini wayarta, wai masu bincike suna gwada wasu abubuwa da ke cikin zoɓo da tafarnuwa, ko za su kare naman zuciya. Na ce, "Waya ce likita yanzu?" Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tana gama ba shi abinci sai ta kama wuyan hannunsa, ta zuba wa agogon wayarta ido, leɓenta yana motsi, sannan ta rubuta wani abu a ɗan littafi. Ta ce bugun jini take ƙirgawa. Ni kuwa na ce a raina, mai ƙirga bugu da mai karanta wani abu a kan mutum, daga nesa duk ɗaya suke.

Cikin makon nan limamin unguwarmu, abokin Baba tun ƙuruciya, ya fara aiko da allo, rubutun sha na neman sauƙi. Saƙonsa a wanke da ruwa mai tsabta a ba shi da safe. A ranar kuma Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba da ke Yamai, ta kira ni.

"Hajo, ke yarinya ce? Mutum lafiyarsa ƙalau ya faɗi rana ɗaya, ki ce jijiya? Kin san yawan masu jin haushinsa a kara? Kuma wa ke ba shi abinci?"

Na ce matar Sani.

Ta yi salati mai tsawo. "Wannan da kakanninta ke yanka wa gunki kaji? To wallahi ki tashi tsaye. Rubutu ba mahaɗi ai rabin aiki ne. Ki nemi saiwar tumfafiya ki jiƙa a ciki, ita ce maganin sammu da maita. Uwarku ba ta taɓa zama babu ita ba."

Wannan gaskiya ne. Na tashi ina ganin ganyen tumfafiya a saman ƙofar Inna duk sanda ta haihu. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, a ƙofa nake ganinsa, ban taɓa ganinsa a kofi ba. Da yamma na ɗauki fartanya na je bayan tashar manyan motoci masu tafiya arewa, inda tumfafiya ta yi daji. Da hannuna na haƙo, na wanke, na shanya, na daka. Ranar Litinin na fara zuba kaɗan a ruwan rubutu. Na tuna ranar sosai don ranar kwance dila ce, aka kwance babu ni. Baba ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Yau tawadar Liman da ɗaci." Na ce ya daure, ya shanye ina tsaye a kansa.

A mako na huɗu abinci ya fita ransa. Sai tashin zuciya, sai amai, kuma yawanci bayan azahar, wato bayan ya ci na Afi. Na ce yawwa, ga shi nan ya fara fitowa. Ran nan ya kalli bangon ɗakinsa, fari tas da muka yi wa fenti da salla, ya ce wa ya shafa masa rawaya. Ya ce ƙwan lantarki ya yi zobe. Ya kira ni da sunan Inna, ya tambaye ni ko an shigo da shanun da aka sayar shekara goma da suka wuce. Na kira Gwaggo ina kuka. Ta ce turen ne yake ƙara ƙarfi, mai yi bai daina ba, in mai da shi safe da yamma, in kuma ƙara yawan garin. Na ƙara.

Ba wanda ban zarga ba a kwanakin nan. Na ɗauki kwalin ƙwayoyin na kai wani farmasi daban, na sa aka fito da nasu na jera ina duba rubutu da launi, ko jabu aka sayar mana. Iri ɗaya ne. Na zargi likitar, na ce wataƙila 'yar koyo ce aka haɗa mu da ita don mu 'yan Zongo ne. Na zargi abokin Baba mai ƙwayoyin Gana, har na hana shi wuce zaure. Abincin Afi kuwa na daina kai wa Baba. Ina karɓa a ƙofa, in zaga baya in juye wa awakin maƙwabta, in wanke kular in miƙa mata. Awakin suka yi ta sheƙi suna ƙiba. Ko wannan bai sa na yi tunani ba, na ce ai da sunan Baba aka yi, ba zai kama akuya ba.

Ranar Laraba ta mako na biyar Afi ta fito daga ɗakin Baba da littafinta a hannu, fuskarta ba daɗi.

"Yaya, bugun yana ta sauka. Da yana saba'in da wani abu, jiya hamsin, yau arba'in da shida. Mu mai da shi asibiti yau, kada mu jira ranar da aka ba mu."

Na ce, "Ke kika san yana sauka, tunda ke kike saukar da shi."

Ta tsaya tana kallona kamar ba ta ji Hausar ba.

Na fizge littafin. Na ce, "Tun ranar farko kike ɓoye mini maganar likita. Kullum kin kama hannun tsoho kina motsa baki. Yana cin abincinki yana amai. Me ya yi miki? Gidan nan kike so a raba da wuri?"

Ta ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Abincina ai awaki ke ci, kwana huɗu ke nan. Ina gani ta katanga."

Wannan ya ƙara tunzura ni, don na ji kunya. Na ce in ta sake taka ƙofar gidan nan sai na tara mata Zongo. Ta ɗauki kularta, ta leƙa ɗakin ta ce, "Baba, sai wani lokaci, Allah ya ƙara sauƙi." A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ki zage ni yadda kike so, amma don Allah ki kai shi." Da yamma Sani ya kira yana faɗa, na ce masa an shanye shi, na kashe waya. Littafin da ragowar zoɓonta da tafarnuwa na haɗa su a leda na ɓoye, na ce wata rana za su zama shaida.

Kwana tara na yi ni kaɗai a kansa, ba mai sa mini baki. Baba ya rame, idanu suka faɗa, amai bai tsaya ba ko da yake babu abincin Afi. Na gaya wa kaina abin ya riga ya shiga jiki ne.

Ranar Juma'a da hantsi ya ce zai yi alwala, ko ba zai je masallaci ba ya ji ruwa a jikinsa. Na ajiye masa buta na juya ɗauko tawul, sai na ji faɗuwa. Na same shi a ƙasa, leɓe ya yi fari, gumi mai sanyi. Na kama wuyan hannunsa yadda na ga Afi tana yi. Bugu ɗaya, sai shiru, har na ɗauka shi ke nan, sai wani ya zo. Na ƙwala ihu maƙwabta suka kawo mota. Ko a wannan halin sai da na koma ɗaki na ɗauko abu biyu: ledar shaidata, da flas ɗin da nake zuba ruwan rubutu.

Likitar nan muka tarar, alhamdu lillahi. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka sa ruwa, aka yi allura. Sani ya iso da Afi, ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta kalle ni ba. Amma ba mai fassara sai ita, dole ta matso.

Likita ta kalli takardar da injin ya fitar ta ce wannan alamar digoksin ce ta yi yawa a jiki. Wa ke ba shi? Na ce ni, rabi, sau ɗaya. Ta zazzage kwalin ta ƙirga abin da ya rage, ya yi daidai. Ta ce to yana shan wani magani? Na ce babu. Na kwance ledata na zube a kan tebur, na nuna Afi da baki na ce a tambayi wannan.

Sai Afi ta fassara zargin da nake yi mata, da bakinta, ba ta rage komai ba.

Likitar ta juya zoɓon, ta sunsuna tafarnuwar. Ta ce gaskiya ne ana bincike a kan irin waɗannan, wasu sun nuna alamar kare naman zuciya a ɗakin gwaji, amma ita ba za ta kira su magani ba tukuna, kuma ba su ne suka yi wannan ba. Sai ta buɗe littafin. Ta bi lambobin da yatsa, shafi bayan shafi, ta ɗago ta tambayi wa ya rubuta. Ta jinjina wa Afi kai. Sannan ta ɗora yatsa a wani layi ta ce daga nan bugun ya fara sauka, daga nan kuma ya ƙara faɗuwa. Me aka fara ba shi kwana biyu ko uku kafin wannan ranar? Na leƙa. Layin da ta fara nunawa Alhamis ce, bayan Litinin ɗin dila. Amma bakina ya sake cewa babu wani magani. Wallahi ba ƙarya nake nufi ba. A wurinmu rubutu addu'a ne, ba a lissafa shi cikin magani, kuma abin da aka zuba a rubutu ya zama rubutu.

A daidai nan Baba ya buɗe ido ya ce ƙishi. Hannuna ya tafi kan flas da kansa, na buɗe na fara tsiyayawa a murfi. Likitar ta riƙe mini hannu. Na ce, "Ba magani ba ne, rubutu ne." Afi ta yi mata bayanin allo da tawada da ayoyi. Ta ce ta sani, tana da majinyata Musulmi da yawa, ba ta hana su. Ta ɗaga murfin ga haske ta ce amma tawada ba ta kwanciya a ƙasa haka, mene ne wannan?

Na ce, "Saiwar tumfafiya ce, 'yar kaɗan."

Afi ba ta san sunanta da Faransanci ba. Ta yi ɗan tunani ta ce itacen nan mai farin ruwa, wanda Fulani ke daskarar da nono da shi in za su yi wagashi, cukunsu.

Likitar ta cire tabarau ta ajiye. Ta yi magana mai tsawo, ba da faɗa ba, tana kallona. Da ta gama Afi ta ce, "Ta ce a daina ba shi."

Na ce, "Gaya mini duka."

Ta ce, "Yaya, bari sai anjima."

Na ce, "Don girman Allah, duka."

Sai ta gaya mini, idonta a ƙasa. A cikin tumfafiya akwai dafi ɗan'uwan digoksin, aikinsu ɗaya a zuciya. Ɗan abin da ake sa wa nono a yi wagashi daban, jiƙa saiwa a sha safe da yamma daban. Ƙwayar tana tsare kalsiyum kaɗan a ɗakunan nan bisa awo, ni kuma na zo ina ƙara wani ba awo, har ɗakunan suka cika suka rikice. Aman, da rawayar bango, da kiran sunan Inna, duk shi ne. Da na ba shi na yammacin nan, wataƙila da ba a kai gobe da shi ba.

Na zauna a ƙasan asibiti. Na ce mata, "Ranar farko fa? Me kika rage?" Ta ce ranar likita cewa ta yi a shirya, da wuya ya kwana. Ta ga halin da nake ciki ta ce ba za ta iya gaya mini ba.

Kwana huɗu ya yi a ɗakin injuna, an tsayar da ƙwayar, ana ta ɗibar jini ana aunawa. Muka koma zirga-zirgar farmasi, Sani ya sayar da babur ɗinsa don kuɗin magani. A rana ta uku Baba ya kalli rigar wata nas ya ce fara ce, muka yi ta hamdala. Liman ya zo dubiya, da ya ji labari ya ce, "Hajara, ruwa mai tsabta na ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya ishe ni. Gwaggo kuwa cewa ta yi su sun sha ba su mutu ba, likitoci ne da ƙin abin gargajiya. Ban yi musu da ita ba, ba ita ta daka ba.

To ga abin da nake roƙon duk mai jinya. In likita ya tambaye ka ko majinyaci yana shan wani abu, kada ka tsaya tantance wanne ne magani wanne ne addu'a wanne ne abin sha. Kwashi komai ka kai, har mahaɗin rubutu, har abin da ka tabbata ba shi da laifi, musamman ma shi. Wanda bugunsa ke sauka, ko yake amai yana ganin rawaya alhali yana kan ƙwayar zuciya, a kai shi a ranar. Kuma ganye ba ya zama mai sauƙi don ganye ne. Ita kanta ƙwayar da ta kusa tafiya da Baba daga ganye ta fito.

Na tambayi likitar ko na ƙara masa lahani a zuciya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abin da na sani, kafin tumfafiya yana zagaya tsakar gida ba sanda, yanzu kafin ya kai masallacin ƙofar gida sai ya huta sau biyu. Kullum ina ƙirga hutun nan daga zaure.

Afi na je har Bè-Kpota na durƙusa mata a gaban mahaifiyarta. Ta ɗaga ni ta ce ya wuce, amma ta ɗauki mako biyu kafin ta iya haɗa ido da ni, kuma ban ga laifinta ba. Neman gafarar Baba ne na kasa, sai da muka yi wata guda a gida. Ran nan da rana yana zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro, na zo na durƙusa na ce ya yafe mini, na kusa kashe shi ban sani ba.

Ya ce, "Ni na sani."

Na ɗago.

Ya ce, "Tun kwana na uku. Duk sanda na sha kofin nan sai in ji zuciyata tana tuntuɓe. Shekara hamsin ina shan rubutun Liman, na san ɗanɗanon tawadarsa."

Na ce, "Baba! To don me ka yi ta sha? Don me ba ka ture ba?"

Ya murza carbi. Sannan ya ce, "Kin kori abokaina, kin kori matar ƙanenki, kin kashe wa Sani waya. Tun rasuwar uwarku ban ga kin yarda da kowa ba sai ni. Na ce in ni ma na ture hannunki, wa ya rage miki?"

Na fashe da kuka. Muna haka na ji zemijan ya tsaya a ƙofar gida. Na share fuska da gefen zane na fita na karɓi kular, na ce, "Sannu da zuwa, A'isha." Ta ɗan tsaya, sannan ta amsa. Na zuba wa Baba, na zuba wa kaina a kwano ɗaya da ita. Miyar ba gishiri, ba wani daɗi, ban tona ta ba, na cinye tas.